Baba shina ji amma sai ya jima kafin ya amsa, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Babanmu shekararshi 71, an sa mishi na'urar ji a kunne, likita kuma ya ba mu wani atisayen saurare a waya, za a faɗi kalma cikin hayaniya shi kuma ya taɓa hoton da ya dace. Abin da ban gane ba, in munka koma ba yawan waɗanda ya ci kaɗai suke dubi ba, har da lokacin da ya ɗauka kafin ya taɓa. Yanzu Baba ya fara fushi wai an maishe shi ɗan firamare. Mi ne ne amfanin saurin nan, ko dai mu bari?

Ma'aikacin lafiya: Wa alaikumussalam, kar ku bari don Allah. Kurumcin tsufa siraran sautuka yake fara ci, irin su s da sh da ts, sai kalma ta iso ƙwaƙwalwa da giɓi ita kuma ta tsaya cike giɓin da hasashe, wannan tsayawar ce ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Mutum biyu za su iya cin tambaya goma duka, amma guda ya amsa nan take guda sai da ya yi fama, shi ne za ka ga tsoho ya gaji da hira ya tashi daga majalisa. In lokacin yana raguwa kuma amsar daidai ce, sauraren ya fara yi mishi sauƙi ke nan.

Ɗan Mabera: Gaskiya ne amma hwa a lura, hannu ma yana sabawa da latsa waya, saurin zai ƙaru ko da kunnen bai ƙaru da komai ba. Ku gwada shi a zaure fanka na yi ko janareto na ƙara, ku ga ko "mi kac ce?" ta ragu. Kuma a kwatanta shi da kanshi na watan jiya, ba da jikokinshi ba.

Wata Hajiya: Ɗiyata ku daina yi mishi da azahar cikin zafin nan, bari sai da hantsi ya karya ya huta. Rashin barci da ciwon gaɓɓai da wasu magunguna duk suna sa nawa, ku gaya ma likita abin da yake sha. Kuma ke ki bar tsayawa kanshi kina kallo.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Hajiya yatsunshi kam suna ciwo, ko za a iya bari ya riƙa amsawa da baki?