Na bar zagayen gida-gida saboda wata tsohuwa mara lafiya, laifi na yi?

Uwar Biyu: Salama 'yan'uwa. Shekarata tara a zumuntar mata ta cocinmu, tun kafin in haifi 'yan biyuna. Duk Alhamis muna fita bishara gida-gida, bibbiyu. Wata uku da suka wuce muka shiga wani gida muka tarar da wata tsohuwa kwance, ɓarin jikinta ya shanye, ƙudaje sun rufe kwanon tuwon jiya a gefen tabarmarta. Ba Kirista ba ce. Tun ranar nake kai mata kunu, in wanke ta, in wanke zanenta. Ban taɓa buɗe mata Littafi Mai Tsarki ba. Abokiyar fitata ta kai ƙarata wurin shugabar zumunta wai na watsar da aiki. Jiya kuma ɗan tsohuwar ya zo daga Kano, ya tambaye ni wa ke biyana. Ban yi barci ba. Yaya zan yi?

Dattijo: 'Yata, karanta Luka 10:9. Warkar da marasa lafiya da shelar Mulkin Allah a aya ɗaya suke. Likita Mila, Baturen mishan da ya zauna a Zariya, likita ne, amma da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932. Asibitin Galmi da ke Nijar tun 1950 magani da wa'azi tare suke tafiya. Kunu kaɗai kowa ma zai iya kaiwa.

Nas mai ritaya: Ana juya ta kuwa? Duk awa biyu a sauya mata kwanciya, in ba haka ba gyambo zai fito mata a ƙugu da duga-dugai. Kuma ki zaunar da ita kafin ki ba ta kunu, masu wannan ciwon suna saurin ƙwarewa. An gwada jininta?

Maman Yara: Ke dai kin yi ƙoƙari. Mahaifiyata ta yi wata biyar a kwance, daga ikilisiyarmu ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Ranar jana'iza kuwa duk sun zo da anko.

Uwar Biyu: Baba, ba kunyar bishara nake ji ba. Tsohuwar ta san ko ni wace ce, har "'yar coci" take kirana. Mutumin da ba ya iya ɗaga cokali, in na tsare shi da wa'azi ai kamar ciniki ne.

Dattijo: To in ta rasu gobe fa? Shekarata 31 ina wannan aiki, an sakar mini kare, an watsa mini ruwan wanki, ban fasa ba. Ki koma ki yi wa shugabarki biyayya.

Ɗan Unguwa: Baba, a yi haƙuri, ni ɗan nan ne damuwata. Kada ki sake shiga gidan ke kaɗai sai ya amince. Ki tura maigidanki su yi magana, namiji da namiji.

Uwar Biyu: Maigidana bai san ina zuwa ba. Gobe ma zan je, na riga na jiƙa gero.

Nas mai ritaya: Ba ki amsa mini maganar jinin ba.