Tsohuwar Honda CG125 tana kuka a hanyar Zariya: in canza sifoket?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tsohuwar CG125 ce mai giya huɗu, inji lafiya lau. Cikin gari ba matsala, amma da an wuce Na'ibawa aka miƙa hanyar Zariya, maleji na kaiwa 80 sai inji ya kama kuka, hannu har yana yin sanyi saboda karkarwa. Na ƙirga haƙoran sifoket, wato faifan ƙarfe mai haƙora da sarƙa ke hawa: na gaba 14, na baya 41, sarƙa mai lamba 428. Na gaba zan ƙara ko na baya zan rage? Kuma da nawa?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam, Malam. Raba haƙoran baya da na gaba: 41 a raba 14 ya ba da 2.93, wato ƙaramin sifoket sai ya juya kusan sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. In ka sa mai 15 a gaba, lissafin ya sauka zuwa 2.73. Inda inji ke juyi 7,000 a minti zai koma wajen 6,500 a gudu iri ɗaya. Kunne zai ji bambancin, hannu ma haka.

Haƙori ɗaya a gaba daidai yake da kusan uku a baya: 14 da 38 zai ba ka 2.71, kusan abu guda. Na gaban ya fi araha, ya fi sauƙin ɗaurawa, kuma sarƙa ta fi daɗewa a kan sifoket mai haƙora da yawa don ba ta lanƙwasa sosai.

Abin da ba za ka yi ba shi ne haɗa biyun. 15 da 38 ya sauka har 2.53, ga inji mai ƙarfin doki da bai wuce 11 ba. Giya ta huɗu za ta mutu murus. Ka ɗauki mutum ko iskar hunturu ta tare ka, sai ka matse totur har ƙarshe babur na nishi, ka dawo ta uku. Man da kake son tattali ma sai ya fi zuba, inji ya yi zafi. A gosulon Ƙofar Nassarawa kuma kuloci ne zai biya kuɗin, don sai an ja shi da rabi kafin babur ya tashi.

Oga Bakanike:
Maganar Ɗan Fagge haka take. Ga aikin hannun. Ɗaga babur a kan tsakiya, cire fedar giya da murfin hagu. Faranti ne ƙarami ke riƙe da sifoket ɗin da noti biyu na sifana lamba 10. A sa giya, wani ya taka birkin baya, sannan a kwance su. Je da tsohon sifoket ɗin kasuwar Ƙofar Ruwa a gwada da sabon ido da ido, don tsagin cikin ramin ba ɗaya ba ne a duk babura. Wanda ya shiga da lilo zai cinye haƙoran shaf, wato sandar da sifoket ke zama a kai, kuma gyaran wannan sai an buɗe inji gida biyu.

Kada ka ɗora sabon sifoket a kan tsohuwar sarƙa. Ja sarƙar ta bayan sifoket na baya. In ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta gama. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata kamar ƙugiya su ma haka. Sai a canza duka ukun tare.

Mai 15 zai jawo taya gaba da wajen milimita 3 kawai, yawanci ba sai an ƙara tsawon sarƙa ba. Juya taya da hannu ka tabbata ba ta gogar murfi. Sassaucin sarƙa a tsakiya ya zama milimita 20 zuwa 30, a auna a inda ta fi ɗaurewa, kuma alamomin gefe biyu na aksul su zo daidai. Kilif ɗin mahaɗar sarƙa, rufaffen bakinsa ne zai kalli inda sarƙa ke tafiya. In aka juya shi, wata rana zai fice a kan titi.

Hamisu Kurna:
Ƙari kaɗan, Alhaji. Duk lokacin da taya ta matsa, sai an sake saita sandar birkin baya da makunnin fitilar birki. In an cire tayar baya, duba robobin cikin hob, wato tsakiyar taya. In sun ragargaje, fizgar da suke yi sai ka ɗauka laifin sabon sifoket ne.

Ko an canza sifoket, maleji ba zai yi ƙarya ba, wayarsa daga tayar gaba take. Amma kafin ka kashe ko sisi, ɗaure notocin da ke riƙe da inji, a saita bawul inji na sanyi. Rabin karkarwar tsofaffin baburan nan daga can take fitowa.

Baban Sadiq:
Allah ya saka da alheri. Zan fara da notocin, sannan mai 15. Tambaya ɗaya: rufaffen gidan sarƙar, a mayar da shi ko a bar ta a buɗe?

Oga Bakanike:
Mayar da shi. Ƙurar Kano in ta haɗu da mai a kan sarƙa, tamkar yashin goge ƙarfe ce.