Muhawara: Shin Zamanin Rubuta wa Kwamfuta Nahawu da Hannu Ya Wuce?

Malam Sani: Da'awata ita ce, harshen shirya manhaja irin Grammatical Framework (GF), da ake rubuta wa kwamfuta nahawu da shi, wanda Aarne Ranta ya fara ƙirƙira a 1998 a cibiyar binciken Xerox da ke Grenoble ta Faransa, ya gama zamaninsa, domin manhajojin fassara na yau daga tarin rubuce-rubuce suke koyo, ba sai wani ya zauna yana rubuta musu ƙa'idoji ba.

Malama Hadiza: Malam, ban yarda ba. Manhajar da ta koya daga rubutu hasashe take yi, kuma idan ta yi kuskure da wuya a gano inda ɓarakar take. GF kuwa ya raba aikin gida biyu: ma'anar jimla, wadda harsuna suke tarayya a kanta, da yadda kowane harshe yake fitar da ita. Da zarar an rubuta ƙa'idar da ta sa muke cewa "sun zo" amma "mutanen da suka zo", manhajar za ta kiyaye ta a kowace jimla, idan kuma ta kauce, akwai layin da za a nufa a gyara.

Dakta Bello: Gaskiyarki, Malama, sai dai aikin ba ƙarami ba ne. Jam'in Hausa ba ya bin hanya ɗaya, ga gidaje, ga jirage, ga littattafai, dole a shigar da kusan kowanne cikin ƙamus da hannu. Sannan ga azuzuwan aikatau bakwai da masanin harshen Hausa Parsons ya tsara a 1960. Rubutunmu kuma ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa garin Kano da garin masara suke fitowa da harufa iri ɗaya.

Malam Sani: To, Dakta ya ƙarfafa hujjata. A ba GF labarin jarida guda a ga ko zai kai ƙarshensa.

Malama Hadiza: Ba don wannan aka gina shi ba, Malam. Ƙarfinsa yana a fage mai iyaka inda kuskure ke da tsada, kamar umarnin shan magani. Shirin Abstract Wikipedia, na samar da maƙalolin Wikipedia a harsuna da dama daga tushe guda, da aka amince da shi a 2020 ma ta hanyar ƙa'idoji yake son samar da jimloli, kuma a 2021 an zaɓi Hausa cikin harsunan da za a fi mayar da hankali a kansu, tare da Ibo, Bengali, Malayalam da Dagbani.

Dakta Bello: Idan haka ne, kafin a rubuta layin farko na nahawun Hausa a GF sai masu aikin sun daidaita kan ko daidaitacciyar Hausa kaɗai za a bi, ko za a buɗe wa Sakkwatanci da Hausar Nijar ƙofa tun daga tushe.