Jama'a a taimaka, me za mu kira "fulo mita" da "kalibireshan" da Hausa?

Salam 'yan uwa. Wallahi jiya da daddare na sha kunya a gaban kawuna, shi ya sa na kawo maganar nan. Na zo gida ƙauyenmu nan gefen Auyo, muna zaune a kan tabarma bayan isha sai Kawu ya ce "wai ni kam kai aikin me kake yi a kamfanin nan na Challawa, kullum sai a ce min injiniya injiniya, injiniyan me?" Na buɗe baki zan yi bayani sai na ji Turanci ne kawai ke fitowa, na ce ina kula da fulo mita ina yi musu kalibireshan, ya dube ni ya ce "to Allah ya ba da sa'a" ya ci gaba da cin goronsa. Shekara takwas ina aikin nan amma na kasa faɗa wa ƙanin mahaifiyata abin da nake ci da shi.

To ga abin. Fulo mita na'ura ce da ake ɗaurawa a jikin bututu tana faɗin yawan abin da ke bi ta ciki, ruwa ne ko man dizal ko tururi ko iskar gas. Abu biyu take faɗa kuma mutane na yawan cakuɗa su: nawa ke wucewa yanzu yanzu, misali lita 500 a minti ɗaya, da kuma nawa ya wuce gaba ɗaya tun safe. Lambar nan da ke juyawa a famfon gidan mai in ana zuba maka a babur, irin ta ƙarshen ce, wato jimlar abin da ya wuce.

Kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai farfela a ciki, ruwa na tura ta ana ƙirga juyinta. Akwai tsohon yayi wanda faifan ƙarfe ne kawai mai huda a tsakiya a datse bututun da shi, sai a auna bambancin ƙarfin turi kafin hudar da bayanta, kamar dai yadda in ka danne bakin tiyo da babban yatsa kake jin ruwan na ture ka, in gudun ya ninka biyu bambancin nan ninki huɗu yake yi. Akwai mai maganaɗisu, shi ba komai a cikinsa sai fili, amma sai ruwan da lantarki ke iya bi, ka sa masa dizal ko fetur ba zai ce maka komai ba. Sai mai tsadar cikinsu Coriolis, sunan wani Bafaranshe ne, shi nauyin abin da ya wuce yake faɗa kai tsaye.

Ni abin da ya fara zo min shi ne "ma'aunin kwarara". Ku me kuka gani?

To amsoshi sun fara shigowa, bari na ɗauke su da ɗaiɗai.

Wani ɗan uwa daga Kura ya ce a bar shi "mitar ruwa" tunda kowa ya san mita. Gaskiyarka yallaɓai mita ta zama Bahaushiya tuntuni, amma in ka ce mitar ruwa hankalin kowa na tafiya ga ta famfon gida wadda ake kawo bil da ita, sannan ya zan ce da wadda ke kan layin tururi? Mitar ruwa ta tururi? Bai zauna ba.

Wata malama da ke koyar da Hausa a sakandare wajen Ringim ta kawo gyaran da ya tsaya min a rai, ta ce "ɗana, kwarara ta ruwa ce da mai da hawaye, Bahaushe bai taɓa cewa iska na kwarara ba, iska kaɗawa take ko busawa, ka duba gudana." Malama na gode Allah ya ƙara ilimi. Na yi ta juya "ma'aunin gudana" a bakina, matsalata da ita ita ce 'yan rediyo sun riga sun cinye kalmar, taro ya gudana, zaɓe ya gudana, har in ka ce ma'aunin gudana sai a zaci wani abu ne na ofishin gwamna. Wani kuma ya ce "ma'aunin gudu", wannan kam direbobin Haɗeja zuwa Kano sun riga mu, agogon gaban mota ke nan.

Amma Malama ki duba wani abu, labaran bututun gas na AKK ɗin nan da ya taso daga Ajakuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ai in ana maganar ranar da zai fara aiki cewa za a yi gas ya fara kwarara kuma ba wanda zai yi dariya. Iskar da ke cikin bututu ba irin ta hunturu ba ce mai yawo inda ta ga dama, an kama ta an ba ta hanya ɗaya kamar ruwan kwata. Don haka ni dai har yanzu ina kan kwarara.

Yanzu ga mai wuyar, kalibireshan.

Kusan mutum goma sun ce "saiti" ko "daidaitawa". A nan ne zan ɗan yi taurin kai don abu biyu ne daban. Bari na ba ku yadda muke yi. Muna da tanki a kan babban sikeli, sai mu bi da ruwa ta cikin mitar ya zuba a tankin, in sikeli ya nuna kilo 1,000 mun san kusan lita 1,000 ke nan tunda litar ruwa kusan kilo ɗaya ce, sai mu leƙa fuskar mitar mu ga ta rubuta 1,012. Mu rubuta a takarda: ta yi ƙarin 12. A sake da ƙaramin gudu, a sake da matsakaici, a sake da babba, don mita na iya faɗin gaskiya in ruwa na gudu sosai ta yi ƙarya in yana tafiya a hankali. Wannan gwadawar da rubutawar ita ce kalibireshan. Har yanzu fa ba mu taɓa ko ƙusa ɗaya a jikin mitar ba. In bayan nan muka shiga muka gyara lissafinta ta dawo daidai, to wannan ne saiti. Sau da yawa ma a gwada a ga lafiyarta lau a manna mata takarda a mayar, ba a saita komai ba.

Kuma shi sikelin ma da muka dogara da shi ana zuwa da duwatsun awo a gwada shi, su ma duwatsun akwai inda ake kai su a gwada, haka abin ke hawa sama kamar salsalar malamai, kowa da wanda ya karanta a wurinsa.

Abin da ya sa na damu da bambancin nan, akwai shekarar da mitar dizal ɗinmu ta dinga nuna an sauke mai fiye da abin da ake samu a tanki, wata uku ana zargin wani dattijo mai kula da sito, har an fara maganar sallamarsa, mutumin da ko biro bai taɓa ɗauka ba. Da aka gwada sai ga shi iska ce ke shiga layin in tankar ta kusa ƙarewa, ita kuwa farfela ba ruwanta, iska ta juya ta mai ya juya ta duk ƙirgawa take. Da wani ya je ya "saita" ta kawai da ka ba tare da gwaji ba, da an binne gaskiyar an bar bawan Allah da tabo.

Shi gas ma ya fi rigima, don yana matsuwa yana kumbura, abin da ya cika ɗaki in ka matse shi sai ya shiga tulu, saboda haka in ka ce "kaza ya wuce" dole ka faɗi a wane zafi kuma a wane matsi. Shi ya sa gas ɗin girki da kilo ake sayar da shi, tukunya mai 12.5, ba wanda ke ce maka lita.

To yau da safe na koma wurin Kawu da duk wannan, na same shi a gona yana ban ruwan shinkafa. Na ce Kawu kawo durom ɗin can mai lita 200, muka sa bakin tiyon injinsa mai inci uku a ciki na danna agogon waya, daƙiƙa 24 ya cika. Na buga lissafi, lita 500 a minti. A jikin injin kuwa an rubuta 1,000. Ya riƙe haɓa ya ce "au, ashe bugaggen kwano aka sayar min." Na ce a'a Kawu, wancan lambar sai in ruwan na kusa kuma ba tudu, naka daga nesa yake jawowa ga tiyon duk faci.

Sai ya ce "to ai wannan aikin naku mun san shi." Kawu ya yi shekaru yana awo a kasuwar hatsi kafin gwiwa ta hana shi. Ya ce in aka yi gardama kan tiyar wani, ba a tsayawa rantse-rantse, a ɗauko wadda kowa ya yarda da ita a cika ta da gero a juye a cikin wadda ake zargi, in ta zube an san an bugi gindinta ta shige ciki, in ta yi kwari an san ta masu saye ce mai buɗaɗɗen ciki. Ya ce "ka ga an auna abin awon ke nan. Kai ma'aunin ma'auni ne."

Wallahi sai da na ajiye wayar. Kun san ma'auni a Hausa mutum ne mai awo kuma abin awon ne, bambancin a karin murya yake da jam'i, ma'auna da ma'aunai. Daga bakinsa na ɗauko "awon ma'auni".

Don haka ga inda na tsaya, mai ja ya ja:

fulo mita, ma'aunin kwarara. Nawa ke wucewa a minti, ƙarfin kwarara. Abin da ya wuce duka, jimlar kwarara. Kalibireshan, awon ma'auni. Gyaran da ke biyo baya in an ga kuskure, saiti, wannan na bar muku shi.

Malama ta sake rubutowa ta ce ta karɓi awon ma'auni hannu bibbiyu amma kwarara ga iska har yanzu tana yi mata ƙaiƙayi a kunne, za ta duba ƙamusun Jami'ar Bayero in ta shiga makaranta ranar Litinin. Ɗan uwanmu na Kura kuma ya ce shi duk abin da za mu yi mita zai ci gaba da cewa, to ba laifi yallaɓai, ni ma na san a cikin kamfani in oga ya ƙwala kira mita zan ce.

Shi kuwa Kawu ya riga ya aika yaro gidan maƙwabcinsa wai a zo da injinsa gobe a yi masa awo a durom, don tun bara suke musu kan na wa ya fi ja.