Kaska ta addabi karen gidana, ku ba ni shawara

Baban Walid: Assalamu alaikum 'yan zaure. Karen da ke mana gadi nan Kaduna, irin na Jamus ɗin nan ne mai yawan gashi, ɗan wata 9. Kwana biyu ya rage cin abinci, sai susa ba dare ba rana. Jiya na ɗaga kunnensa na tarar da kaska jere, wasu sun sha jini sun kumbura kamar ƙwayar wake. Maƙwabcina ya ce in shafe shi da baƙin mai. Me kuka gani?

Malam Mafarauci: Wa alaikumus salam. Don Allah kada ka kusanto shi da baƙin mai, ko kananzir, ko maganin ƙwari na gona. Kare lashe jikinsa yake yi. Na taɓa rasa karyar farauta ta haka, wani yarona ya fesa mata fiya-fiya, kafin la'asar tana dalalar da miyau tana karkarwa, ba ta kwana ba. Har yau abin yana min ciwo. Ka nemi matsefata, ka kama kaskar daf da fata, ka ja ta a miƙe a hankali don kada kanta ya tsinke a ciki. Ka jefa ta cikin gwangwani mai ɗan kananzir, kada ka murtsuke ta da yatsa.

Anti Likita: Gaskiya Malam ya faɗa. Amma Baban Walid, rashin cin abincin ya fi tayar min da hankali. Ɗaga leɓensa ka dubi dasashinsa. Mai lafiya jaja-jaja yake, in ya yi fari fat to jini ya ragu, kuma kaska tana ɗauke da cututtukan da ke lalata jinin kare. Wannan sai an gwada jini a asibitin dabbobi. In ka ga kana da hanyar Zariya, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Maganin wankan kaska irin su amitraz yana aiki, sai dai likita ne zai faɗa maka yadda ake sirka shi, kuma da safar hannu ake yi.

Baban Walid: Na duba yanzu, ya ɗan yi fari. Gobe da sassafe zan kai shi in sha Allahu. To wanka fa? Kullum yara ke masa da garin sabulun wanki.

Anti Likita: Kullum ya yi yawa, yaya. Garin wanki yana kwashe maiƙon fata, ta bushe ta tsage, balle yanzu da hunturu. Sau ɗaya a mako 3 ko 4 da sabulun karnuka ya isa, da rana tsaka, a tsane shi da tsumma. Taje gashi shi ne babban aiki. Minti 10 da burushi, sau 3 a mako. Yana fitar da mataccen gashi da ƙura, kuma hannunka zai bi ko'ina: ƙarƙashin wuya, hammata, tsakanin yatsu, gindin wutsiya. A nan za ka ci karo da ƙuma ko ƙurji ko ƙazuwa tun suna farawa. Da ana taje shi, da an ga kaskar nan tun tana biyu ko uku.

Maman Biyu: Ni da damina na koyi darasi. Kwikwiyonmu yana kwana kan danshin rairayi, sai ga ƙuraje a cikinsa, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Aka shafa man basilin aka matsa, tsutsa fara ta fito. Tun daga nan na sa masa katako da buhu, ina shanya buhun a rana. Ka share makwancinsa ma, kaska tana ɓuya a tsagar bango ta yi ƙwai, ka wanke kare ta sake hawa.

Baban Walid: Ina tunanin in aske shi gaba ɗaya in zafi ya shigo.

Malam Mafarauci: A'a. Irin wannan gashinsa hawa biyu ne, na saman yana tare masa rana. Ka tsefe na ƙasan kawai. Ka duba farcensa kuma, in kana jin ƙas-ƙas a siminti ya yi tsawo. Bakin kaɗai za a yanke, akwai jijiya a ciki mai zubar da jini.

Anti Likita: Tunda za ka je gobe, ka tafi da katinsa. In ba a yi masa allurar ciwon haukan kare ba, ka faɗa wa likita. Daga wata 3 ake fara ta, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma a nan Vom ta Jihar Filato ma ana haɗa ta. Sai ya warke tukuna za a yi masa.

Baban Walid: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cire 14 zuwa yanzu, saura kunnen hagu.