A bar wa tsohuwar 504 Coupé injektarta, ko a ɗora mata kafireta?

Mai Mota: Salamu alaikum jama'a. Na samu Peugeot 504 Coupé ƙirar 1972, mai ƙofa biyu, ta daɗe a kafe. Inji yana tashi, amma da na taka totur sai ta shaƙe, ga baƙin hayaƙi. Bakanikena ya ce duk mai ƙaramin ƙarfin da ya riƙe injekta a tsohuwar mota to kuɗinsa yake cinna wa wuta, wai in sauke injin in ɗora na salun mai kafireta. Me kuka gani?

Oga Bakanike: Wa'alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka. Injin salun da na motarka duk girmansu cc 1971 ne, ƴan gida ɗaya. Tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, 504 kuwa har wajen 2006 ana yin ta. Ko a ƙauye ta tsaya maka, yaron gareji zai kwance kafireta ya hura jet ya mayar. Famfon injektar motarka, ƙirar Kugelfischer fa, wa zai taɓa maka?

Ɗan Panteka: Oga ya gama magana. Fistin, ringi, gaskit, famfon ruwa, duk muna da su, sabo da na hannu. Na injekta kuwa sai dai a yi maka odarsa daga Faransa, kuɗin Turai kuma ka san yadda yake yanzu.

Injiniya: Oga, da girmanka, ban yarda ba. Har yanzu ba wanda ya tabbatar famfon ne ya lalace. Motar da ta shekara da shekaru a tsaye, tankinta cike yake da tsatsa da mataccen fetur. A sauke tanki a wanke, a canza filta, a gwada ƙaramin famfon lantarki da ke tura mai, a bi robobin iska ko akwai wanda ya tsage, a wanke nozul. Kugelfischer ba kwamfuta a cikinsa, ƙarfe ne zalla, irinsa ne a BMW 2002 tii. Datti da hannun wanda bai sani ba su ke kashe shi. Duk abin da na lissafa bai kai kuɗin inji ba.

Oga Bakanike: Injiniya, kai a takarda kake gyara. In an yi duk wannan ta ci gaba da shaƙewa fa? An yi biyu babu ke nan.

Injiniya: Wankin tanki ba asara ba ne, ko kafiretar ya ɗora sai ya yi shi. Kuma zai rasa ƙarfin inji wajen doki goma, sannan ranar sayarwa masu neman irin wannan mota injin asali suke fara tambaya.

Baba Direba: Ku yara ba ku san motar nan ba. Ita ce fa ta ci tseren Safari a Kenya a 1978, Jean-Pierre Nicolas na tuƙi. A ce za a mayar da ita tasi?

Injiniya: Allah ya ja kwana Baba, waccan mai V6 ce, wato silinda shida, injin da aka fara sa wa Coupé a 1974. Tasa mai silinda huɗu ce.

Baba Direba: To na ji. Jikin dai ɗaya ne, ɗana.

Mai Walda: Ni duk kun ba ni mamaki, kuna ta faɗa a kan inji ba wanda ya tambayi bodi. Wannan jikin kamfanin Pininfarina ne suka ƙera shi a Italiya, kuma tsakanin tayar gaba da ta baya ta fi salun gajarta da santimita 19. Ƙofar salun ba ta shiga, gilashi ba ya shiga, fitila ba ta shiga. Inji ko goma kake so Ɗan Panteka zai kawo maka gobe, amma in gilashin gaba ya fashe sai ka yi ta jira. Ɗaga kafet ka duba ƙasa, ka ƙwanƙwasa dokin ƙofa da sukundireba, ka leƙa wurin safaya a but. In ƙarfe yana zubowa kamar garin kwaki, can kuɗinka zai fara tafiya.

Ɗan Panteka: Gilashin kam ba ni da shi, ba zan yi ƙarya ba.

Mai Mota: Na duba ɗazu. Ƙasan direba akwai rami, yatsa biyu suna shiga. Birki kuma feda tana tafiya har ƙasa.

Oga Bakanike: Ka ji ko? Faranti ne birkinta gaba da baya, kalifa huɗu za ka kwance, ga tiyo, ga masta. Ka ɗora injin salun ka huta da ɓangare ɗaya, na asalin ka zuba masa baƙin mai ka rufe da leda ka ajiye. Ranar da aljihu ya yi nauyi ka mayar.

Injiniya: Injin da aka ajiye a bayan gareji, Oga, nawa ka taɓa ganin an mayar? Yau a ari tof silinda, gobe a ari kik.

Oga Bakanike: A garejina ba a yi.

Mai Mota: Birki da walda zan fara, a kansu dai ba wanda ya yi musu. Tanki kuma Asabar za mu sauke. Injiniya, in na turo maka hoton famfon za ka gane ko an taɓa kwance shi?

Injiniya: Turo, ka ɗauko kusa da kan notuna. Kuma ka gaya wa bakanikenka kada ya murɗa ko sukuru ɗaya a jikinsa kafin nan.