Shinkafa da mangwaro irin na Tailan: abin da masu girki suka tattauna

Masu girki sun tattauna yadda ake yin wannan abincin zaƙi na ƙasar Tailan, wato shinkafa da madarar kwakwa da mangwaro. Kusan bakinsu ya zo ɗaya kan shinkafar: sai mai danƙo, wadda mutanen arewacin Tailan ke ci kullum. Wasu sun ce shinkafar tuwo za ta wadatar, amma waɗanda suka gwada sun ce laushi take yi, ba ta kama jiki. A jiƙa ta aƙalla awa 4, in da hali ta kwana, sannan a turara ta kamar dambu na minti 20 zuwa 25. Kada a tafasa ta cikin ruwa.

Madarar kwakwa kuwa, a ɗumama ta da sukari da gishiri kaɗan, kada ta tafasa har mai ya taso. Gishirin nan ba na wasa ba ne, shi ke fito da zaƙin. A zuba ta kan shinkafar tun tana tururi, a rufe minti 20 ta shanye. A ajiye ragowa mai kauri don yaryaɗawa a sama.

Mangwaro ya nuna sosai, marar zare, irin Nam Dok Mai, wani nau'in mangwaro na Tailan. A barbaɗa soyayyen riɗi. Firij na busar da shinkafar, don haka a ci a ranar.